Casimiro da Kuben da Ya Ƙi Sakin Bindiga

A garin Ojo Seco, cikin ƙasar Chihuahua, tun jirgin ƙasa bai iso mana ba, an yi wani mai jigilar kaya da alfadarai, sunansa Casimiro Olivas. Alfadaransa uku ne, ɗaya ma gurguwa ce, amma in ka ji shi yana zuba a shagon aski sai ka rantse shi ya haƙa kogin da ya raba mu da Texas. Sau ɗaya tak ya taɓa haye kogin nan, ya kai buhunan barkono, ya yi kwana goma sha biyu ya dawo. To, in bakinsa za a bi, cikin kwanakin nan ya koyi ƙira, ya koyi cire haƙori, ya horar da dawakin soja, har wani alƙali ya nemi shawararsa.

Shagon askin na Nicanor ne, wanda ya riƙe ɗiyar Casimiro ranar baftisma, saboda haka compadre suke kiran juna. Ana saura kwana biyar bikin waliyyi San Isidro, suna zaune, sai ga Don Melitón Zubiate, shugaban 'yan dokan garin, ya shigo yana huci. Mutum ne da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Libarbarsa, wato 'yar bindigarsa ta hannu, na soke a aljihun wando kamar ta ɓarawon kaji.

"Ɗamarata ta tsinke," in ji shi, yana zubewa kan kujera. "Na je wurin Doña Heriberta ta ɗinka mini sabuwa da kubenta, wai sai sati uku. Na ce mata ni ne hukuma a garin nan. Ta ce fata ba ta san hukuma ba."

Doña Heriberta ita ce badukkiyar garin. Shekara arba'in tana jima da ɗinki, babu sirdi ko ɗamarar kirki a yankin da bai bi ta hannunta ba. Abin da ya dami Don Melitón kuwa, shi ne ke yin harbin da ake sakin dawakin tsere da shi ranar biki, kuma bana takwaransa na garin Tres Pozos zai zo kallo, wani siririn mutum mai ɗamara da adon azurfa.

Casimiro ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Sati uku! Tsufa ke nan. A Texas, shugaba, ɗamara da kube aikin yini biyu ne, da hutun rana a ciki."

"Compadre," in ji Nicanor a hankali, yana wasa aska, "ka taɓa ɗinka fata kuwa?"

"Ni? Wa ya yi wa attajiran shanun can kubensu? Kuben da nake yi, kafin ka tuna da bindiga ta riga ta zo hannunka."

"Ai maɓallin rigarka ma comadre, matarka, ce ke ɗinka maka."

"Maɓalli aikin mata ne. Ana maganar fata kana maganar zare."

Don Melitón ya juyo da kumfa a gemu. "Za ka iya kafin ranar biki?"

"In ban iya ba, a aske mini gashin baki a tsakiyar dandali."

Nan take aka ɗauko igiya don awo. Daidai lokacin da Casimiro ya zagaya masa ita, wasu 'yan mata suka gifta ta ƙofar shagon. Don Melitón ya shanye tumbi, ya banƙaro ƙirji, ya riƙe numfashi har idanunsa suka firfito. Casimiro ya ƙulla alama a wurin. Aka kwashe harsasai, aka miƙa masa libarba don ya auna kube, ya fita yana taku ɗai-ɗai.

Da ya tsaya a bakin titi ya tuna kirgi, wato fatar da aka jeme, wurin Doña Heriberta kaɗai ake samunsa. Zuwa wurinta kuwa zubar da girma ne. Sai ya zarce mahauta, ya karɓo fatar wani bijimi da aka feɗe da safen nan, ya ɗora wa gurguwar alfadara, ƙudaje na yi musu rakiya har gida.

Matarsa Eufemia na murza masara a tsakar gida. Ta toshe hanci.

"Wane ne ya mutu?"

"Arziki ne ya shigo, mace. Daga yau mijinki badukku ne."

"Shekaranjiya mai gyaran rijiya ne, har yau muna sayen ruwa. Wannan ai ɗanyar fata ce, Casimiro. Ba jeme ta ake fara yi ba?"

"Jima ɓata lokaci ne na mutanen da. Ɗanya ta fi ƙarfi. Sirri ne, ba kowa aka gaya wa ba."

"Wanda ya gaya maka bai so ka da arziki ba."

Bai kula ta ba. Ya ɗauki wuƙar yankan albasarta ya kankare gashin, wani wuri ya fita, wani wuri ya bar tsibiri. Basilla babu, sai ya wasa ƙusa. Ƙarfen buga ado babu, sai ya ɗauko cokali mai yatsu. Ya shimfiɗa fatar kan teburin cin abinci, ya ja wuƙa da ƙarfin da yake jan alfadara, ya yanke fata da mayafin tebur a tafi ɗaya, mayafin da uwar Eufemia ta yi wa aikin hannu.

"Ka ga abin da ka yi?"

"Shafi zan yi da shi ta ciki. Da ma na shirya haka."

Washegari ya zauna bakin ƙofa don mutane su ga gwani na aiki. Ya ɗora fatar kan cinya, yana huda yana zura tsirkiya, yana ba maƙwabta labarin yadda wani janar ya yi kuka da ya ga aikin hannunsa. Sai da ya kai ƙarshen layi ya miƙe zai nuna musu, ɗamara ta miƙe tare da shi. Ya ɗinke ta da wandonsa, tun daga gwiwa har kusa da inda ba a faɗi.

Unguwa ta ɗauki shewa. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Don Casimiro, da wandon za a kai wa shugaba, ko da kai a ciki?"

"Gwaji nake yi. Ɗinkin da bai riƙe wando ba zai riƙe bindiga?"

Eufemia ce ta farke shi da almakashi, ta bar masa taga a cinya.

A kwana na uku wari ya kai coci. Karnukan garin suka kafa sansani a ƙofar gidan, ungulu biyu suka sauka kan rufi suna jiran a fito da mamaci. Casimiro ya zo kan kube. Ya taɓa jin cewa dukawa na jiƙa fata su naɗe ta jikin bindiga don ta ɗauki siffarta, kuma wannan kam gaskiya ne. Sai ya jiƙa tasa sharkaf, ya naɗe libarbar shugaba, ya ɗinke tam, ya haɗa da ɗamarar, ya shanya a kan rufi inda rana ta fi zafi. Ya yini yana jifan ungulu.

Da ya sauko da ita washegari da la'asar, ɗamarar ta ƙanƙance ta sandare kamar ƙahon rago. Ya kama ƙotar bindiga ya ja. Shiru. Ya sa ƙafa ya taka ya ja. Ko motsi.

Ya aika aka kira Nicanor. Wanzami ya zagaya abin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ji ƙara kamar ƙofa.

"Compadre, ido ya raina fata."

"Ba wasa na kira ka ba. Kama nan."

Ɗaya ya kama ɗamara, ɗaya ya kama bindiga, suka ja har suka zagaye tsakar gida sau uku, suka ture tukunyar wake. Suka ɗura kitsen saniya. Suka ɗura sabulun aski. Daga nan Casimiro ya ɗaure ɗamarar a turken rumfa, ya ɗaura igiya daga ƙotar bindiga zuwa ga babbar alfadararsa, ya daka mata tsawa. Alfadara ta yunƙura. Bindiga ba ta fito ba, turke ne ya fito, rumfa ta biyo shi ta rufta kan kajin Eufemia.

Ana cikin ƙura da kukan kaji sai ga Doña Heriberta za ta wuce, da sandarta da taba a baki. Ta tsaya ta dubi abin da ke jan ƙasa a bayan alfadara.

"Ɗana, wannan tarkon ɓauna ne ko me?"

"Sabon yayi ne, Doña. Bai iso nan ba tukuna."

"Ɗanyar fata ka naɗa wa bindigar hukuma? Kawo ta gidana yanzu in yanke, in ba Melitón aron ɗamarar marigayi mijina. Babu wanda zai ji."

Nicanor ya zungure shi. "Karɓi, compadre. Ga tsani an kawo maka har cikin rami."

Casimiro ya dubi maƙwabtan da suka yi layi a kan katanga. Ya murza gashin baki. "Na gode, Doña. Amma zaki ba ya aron haƙori wurin kyanwa."

Tsohuwa ta busa hayaƙi. "To, zaki, abu ɗaya zan gaya maka kyauta. Ɗanyar fata in ta sha ruwa takan saki, in ta sha rana—"

"Ruwa!" Casimiro ya daka tsalle. "Abin da nake shirin yi ke nan kika katse ni."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya tsunduma ɗamara da bindiga cikin randar wanka, ya bar su kwana biyu cur. Ranar biki da sassafe ya tsamo. Fata ta yi laushi kamar tortilla mai zafi, wato gurasarmu ta masara, bindiga ta sulluɓo da kanta. Ya goge ta, ya shafe ɗamarar da kitse da baƙin tukunya har ta yi sheƙi, ya yayyafa mata turaren Eufemia duka kwalbar.

"Kin gani?" in ji shi. "Gobe sai kin nemi izini kafin ki yi magana da ni."

"Allah ya kai mu goben."

Don Melitón na jira cikin farar riga da wandon biki. Awon da aka yi ya gaza tumbinsa da kusan taƙi guda, amma jiƙaƙƙiyar fata ta miƙe ta zagaye shi lafiya lau. Ya zare bindiga, ya mayar, ya sake zarewa, sumul.

"Kai! Har da sanyi-sanyi a ciki. Ina ƙarfen ɗaurewa?"

"An daina yayinsa, shugaba. Ƙulli ake yi yanzu." Ya zura tsirkiyar ɗanyar fata ya yi masa ƙulli uku a baya.

"Wannan warin fa?"

"Warin sabunta ne. Attajirai har nema suke yi."

Don Melitón ya zuba harsasai, ya soke bindiga, ya fita. Casimiro ya bi shi a baya yana gaya wa duk wanda suka gamu da shi, "Aikina ne. Ku duba da kyau, kallo kyauta ne."

A coci lafiya ƙalau, sai dai bencin da shugaba ya zauna babu wanda ya raɓe shi. Da aka fito zagayen gari da siffar San Isidro, rana ta buɗe, irin ranar watan Mayu da ke fasa dutse. Firist na gaba, masu kiɗa na biye, sai Don Melitón, sai karnuka goma sha ɗaya a jere cikin ladabi. Takwaransa na Tres Pozos ya waiwaya ya ce, "Abokina, 'yan dokanka sun ƙaru bana."

Don Melitón ya yi yaƙe. Ya fara jin kamar wani ya rungume shi ta baya.

Da aka zauna cin abinci ya cinye gasasshen haƙarƙarin ɗan akuya da tamales shida, irin alalen nan na masara, don kada baƙo ya ce ba shi da lafiya. Kowace loma ta sauka sai ta tarar an rufe hanya. Farar rigarsa ta yi baƙin zobe. Tumbi ya rabu biyu, rabi sama rabi ƙasa, kamar goran da aka ɗaure a wuya. Ya kai hannu baya zai sassauta ƙulli, ya ji dutse.

Ya yafito Casimiro, ya ce da muryar da ta koma ta sauro, "Tana matse ni."

"Sabawa take yi da jikinka, shugaba. Fatar kirki sai ta san mai ita."

Ƙarfe biyu aka jera dawaki goma sha biyu a bakin fili. Gari duka ya hallara, har da mutanen ƙauyuka. Don Melitón ya hau dandamalin katako da taimakon mutum biyu, fuskarsa ta koma launin jan barkono. Masu kiɗa suka yi shiru. Mahaya suka duƙa kan wuyan dawaki. Ya ɗaga hannun hagu, ya kai na dama ga bindiga, ya ja.

Ɗamara ta motsa, tumbi ya motsa, bindiga ba ta motsa ba.

Ya sake ja da hannu biyu har ya juya a tsaye kamar kare mai bin wutsiyarsa. Wani makiyayi daga baya ya ɗaga murya, "Shugaba, ko mu je mu yi shuka mu dawo?"

"Ka ce 'tau' da baki mana, dawakin za su gane!" in ji wani.

"Ina Casimiro?" Don Melitón ya yi ƙaraji, iyakar ƙarajin da numfashinsa ya bari.

Casimiro ya riga ya fara sulalewa ta bayan masu sayar da alewa, Eufemia ta kamo shi ta tagar wandonsa. "Ina za ka, badukku? Ga kasuwa ta ci." Jama'a suka tura shi har kan dandamali.

Da ya ga idanu sun yi masa yawa, sai bakin ya dawo. "Jama'a, ku kwantar da hankali! Akwai yadda ake zare irin wannan, ba a koya wa shugaba ba ne kawai." Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama ƙota, ya kafa ƙafa ɗaya a kwankwason hukuma, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Babban yatsansa ya danne kunamar bindiga, wani yatsan ya shiga inda bai kamata ba.

Tau!

Harsashi ya fasa gindin kube, ya ɗebe dundunyar takalmin Don Melitón, ya huda katako, ya tarwatsa babbar tukunyar romon da mata suka ajiye a inuwar ƙarƙashin dandamali. Dawaki biyar suka zabura gaba. Huɗu suka yi baya. Sauran suka nufi rumfar masu kiɗa, mai babbar ganga ya watsar da ita ya haye bishiya. Karnuka goma sha ɗaya suka yi godiya suka faɗa wa romo. Casimiro da shugaba kuwa suka faɗo ƙasa tare, shugaba a sama.

"Zan mutu," in ji Don Melitón. "Ku kira firist."

"Ruwa!" Casimiro ya yi ihu daga ƙarƙashi. "Ruwa ne maganinta! Ku sa shi a ruwa!"

Ƙarti huɗu suka ɗauki shugaban 'yan dokan Ojo Seco, suka tsoma shi cikin kwamin da dawaki ke sha, ƙafafu a waje, hula na yawo a gefensa. Wani doki ya zo ya sha ta kusa da kunnensa. Baƙon Tres Pozos ya yi dariya har sai da aka riƙe shi.

"Minti nawa za ta ɗauka?" in ji Don Melitón.

Casimiro ya ja da baya taku biyu. "Wancan karon... kwana biyu."

Sai aka ji sanda na ƙwanƙwasa ƙasa. Doña Heriberta ce, ta gama cin tamal ɗinta tsaf, ta goge hannu, sannan ta taso. Ta ciro 'yar wuƙarta mai lanƙwasa daga aljihun zane, ta ce a juya mata shi. Sau ɗaya ta ja. Ɗamara ta yi tsalle kamar tarko, tumbi ya dawo mazauninsa da wata irin ƙara, ruwan kwami ya yi ambaliya. Don Melitón ya ja numfashin da aka ji har bakin fili.

Tsohuwa ta ɗaga abin da yatsa biyu. "Bindigar sai gobe, sai na yi mata fiɗa. Ɗamararka kuma sati uku, Melitón, kamar yadda na faɗa."

"Ko huɗu ne, Doña. Ko biyar."

Ya fito yana ɗigar ruwa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya nuna Casimiro. "Ku rufe mini shi. Kwana goma. Kuma in an ciro bindigata, ku rataya wannan masifar a ɗakin tare da shi."

Haka aka yi. Casimiro ya kwana biyu a ɗakin tsaro ba ya magana, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka yaye shi. A rana ta uku da hantsi, Eufemia ta kawo masa wake, tana tsaye bakin taga tana yi masa wankin babban bargo, sai ga Doña Jacinta matar mahauci ta matso, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Don Casimiro," in ji ta ƙasa-ƙasa, "irin kuben nan da ka yi wa shugaba, za ka iya yin wani?"

Casimiro ya ɗauka ba'a ce. "Doña, wanda ya faɗi ba a taka shi."

"Da gaske nake. Mijina duk Asabar in ya sha giyar mezcal sai ya zare bindiga ya yi ta harbin wata. Rufin ɗakina ya zama rariya. Ina son wanda in ta shiga ba ta fitowa."

Kafin ya buɗe baki wata ta leƙo ta bayanta. "Ni biyu nake so, da na mijina da na ƙaninsa." Eufemia ta waiwaya, ta ga mata bakwai sun yi layi a jikin bango, kowacce da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi.

Casimiro ya miƙe a hankali. Ya kakkaɓe riga, ya murza gashin baki, ya kama ƙarafan taga kamar mai jawabi daga bene.

"Mata, ku bi layi, kada ku yi turereniya. Shekara da shekaru ina wannan bincike. Kuna tsammani kuskure ne? Kuben zaman lafiya ke nan, ni na ƙirƙiro shi, ko a Texas—"

Eufemia ta cusa masa tortilla a baki, ta juya ga matan.

"Ku kawo bindigogin wurina. Shi dai a bar shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya yi mai kyau. In ya san lalatacce ake so, wallahi sai ya ɓata."